Minti Goma Sha Ɗaya

Sha biyu da kwata a Pasadena.
Shayin da Hyejin ta zuba mini ya huce tun ɗazu.
Mu talatin ne a ɗakin, ba mai ko tari.
Allo yana cewa kumbon ya kusa taɓa iskar Mars,
amma labarin allo tsoho ne,
saƙo yana cin minti goma sha ɗaya a hanya.
Bakin alƙalami ya riga ya bushe a can,
mu nan jira muke a karanto mana.

Shekara shida na yi ina koya masa karkata.
Ba shi da fiffike, ba shi da jela,
kasko ne mai murfi,
an nauyaya masa gefe guda da gangan
don iska ta sami inda za ta tallafe shi.
In ya shiga a tsaye, ya ƙone ƙurmus.
In ya shiga a kwance, ya yi tsallen tsakuwa a kan ruwa,
ya koma duhu ba sallama.
Tsakani akwai ƙofa, siririya kamar kafar allura.
Ita na yi ta aunawa har idona ya nemi tabarau.

Ubana, Eusebio Barragán, direban tirela ne,
katako yake saukowa da shi daga tsaunukan Durango.
Ina 'yar shekara tara ya zaunar da ni kusa da giya,
ya ce, Nayeli, hawa aikin inji ne,
sauka kuwa sai direba.
Kada ki danne birki gaba ɗaya,
zai yi ja, ya ci amanarki.
Bar kwana ta shanye gudun.
Hagu. Dama. Hagu kuma.
Warin roba ya cika gaban motar, shi kuwa yana fito.

Ya rasu kumbon yana wata na huɗu a hanya.
Wannan labarin ma a makare ya same ni:
ina ɗakin gwaji, waya tana cikin jaka,
na yini ina da uba
alhali tun hantsi ba ni da shi.

"Ya shiga," in ji Tobiah, murya a shaƙe.
Wuta ta naɗe shi.
Garkuwa tana cin jikinta
don abin da ta goya ya tsira.
Saƙo ya yanke.
Na ƙirga numfashina, na ɓata lissafi, na sake.

Sai lambobi suka dawo a guje.
Ya karkata hagu.
Ya ji ya zarce, ya juyo dama,
ya sha iska, ya rage, ya sake juyowa.
Na duba ƙarƙashin tebur,
hannuna biyu suna murza sitiyarin da babu.

Laima ta buɗe. Garkuwa ta faɗi, ta gama nata.
Ya buɗe ido, ya gane duwatsun da muka nuna masa a hoto,
ya kauce wa rami, ya zaɓi fili,
ya hura wuta a ƙasa.

"Ya sauka."

Ɗaki ya ɓarke. Hyejin ta ɓarar da shayin a kan takarduna.
Kilomita ɗaya da rabi ya kuskure alamarmu,
na rubuta a gefen da bai jiƙe ba,
gobe zan nemo inda suka shige mini.

Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne.
Kafin mu yi ihu
ya yi minti goma sha ɗaya a ƙasa shi kaɗai,
jan ƙura tana kwantawa a kansa,
ƙarfensa yana hucewa, ƙas, ƙas,
kamar tirelar nan a gindin tsauni
lokacin da ubana zai sauko,
ya zaga ta, ya kai tafin hannu kusa da taya
bai taɓa ba,
ya gyaɗa kai,
ya ce mu je mu nemi abinci.